Biyar da Minti Sha Tara

Ɗakin da nake karanta labarai a cikinsa ba shi da taga. Taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance. An manne bangonsa da kwalin ƙwai don kada murya ta dawo, ƙofarsa kuma biyu ce, ɗaya a bayan ɗaya. In an kunna mikoro, abin magana, sai a kashe fanka, saboda kukanta yana shiga. Shekara goma sha ɗaya na yi ina shiga ɗakin nan a ƙaramin gidan rediyon da nake aiki a Matameye, kuma duk abin da na taɓa faɗa wa mutane game da fitowar rana da faɗuwarta, daga takarda ko daga allon ordinatar, wato kwamfuta, na karanto shi.

Muna buɗe tasha da hantsi, mu rufe bayan isha'i in batiran sola sun yi sanyi. Da asuba ba mu nan. Saboda haka a watan azumi, da zarar an sha ruwa, nakan karanta lokacin kame baki na gobe sau biyu, a hankali, don mutane su saita ƙararrawar wayoyinsu. Mutanen gari ba su cika buƙatar wannan ba, suna da masallatai masu lasifika. Masu buƙata su ne na gidajen gona da ke warwatse tsakanin Tsauni da Icirnawa da Ɗan Barto, inda kiran salla ba ya kaiwa sai iska ta ga dama.

Innata tana cikinsu. Tana zaune a gidan ƙanena, tafiyar rabin sa'a a ƙasa bayan Tsauni. Yanar ido ta rufe mata gani, ba ta bambance duhu da ketowar alfijir. Matar ƙanena ce ke saita mata waya da lambar da na faɗa. Inna tana shan maganin hawan jini, kuma al'adarta ce ta jinkirta ƙwayar da ruwan ƙarshe har minti na ƙarshe, don su raka ta cikin yini. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunana ba. In za ta ambace ni sai ta ce mai maganar nan ta cikin akwati.

A da, kalanda muke karantawa, wadda ake kawo mana daga Damagaram. Lokutanta jimla-jimla suke, lamba ɗaya ta kwana goma. Wani malamin lissafi na kwalejin garinmu, wanda kowa ke kira Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, yana zuwa mana ranar Laraba don shirin ƴan makaranta. Ya ga kalandar a bango, ya ce zai yi mana abin da ya fi ta. Cikin hutun makaranta ya haɗa mana allo a ordinatar ta ɗakin: akwatuna biyar a jere, kwanan wata, kwana nawa ga watan Musulunci, kame baki, magariba, da tsawon yinin azumi.

Wata rana kafin labaran ƙarfe huɗu ya zaunar da ni ya buɗe fishiye, wato rubutun da ke bayan allon. Na zaci zane zan gani, sai na ga layuka. Ya ce allon rubuta shi ake yi. Kowane akwati yana da nasa wuri a rubutun: sunansa, faɗinsa, launinsa, da abin da zai nuna. Abin da zai nuna kuma iri biyu ne. Ko ka ba shi lamba da hannunka ya riƙe, ko ka ɗaure shi da lissafi. Ya sa yatsa a kan layin kame baki, wanda ya fi kowane tsawo, ya ce babu wani wuri a cikin na'urar da aka ajiye lokacin alfijir. Kullum sabo ake lissafo shi daga kwanan wata da inda garinmu yake a doron ƙasa. Kwanan wata ya motsa, shi ma ya motsa, akwatin tsawon yini kuma ya bi shi, don shi ma a jikinsa yake ɗaure.

"Kamar amalanke ce da sa," in ji shi. "In ka kwance ta, tana nan da ƙafafunta da kayanta, mai wucewa ba zai ga abin da ya ɓace ba. Sai dai ba ta zuwa ko'ina."

Daga nan ya hau can sama ya nuna mini wani gajeren layi da ya sa wa suna rata, da sifiri a gabansa. Ya ce in wata rana an so a rage ƴan mintuna don kariya, a nan kaɗai za a taɓa. Na gyaɗa kai. Idona yana kan agogo, saura minti shida in buɗe mikoro. Zancen amalanke ya zauna mini, zancen rata ya fita. Kafin azumi ya zagayo an mayar da Mushe wata makaranta can wajen Gure.

Ana gobe za a ɗauki azumi, Malam mai yi mana tafsiri ya shigo gwada mikoro, ya ga biyar da minti ashirin da huɗu a akwatin kame baki. Ya ce agogon wayoyi ba ya zama ɗaya, gara a rage minti biyar don hankalin kowa ya kwanta. Direktan gidan rediyon ya ce in gyara kafin yamma. Na kira Mushe sau uku, layi bai shiga ba.

Na buɗe fishiyen na nemo dogon layin. Cike yake da baka-baka da alamomin da ban san aikinsu ba. Na ji tsoron in cusa wani abu a tsakiyarsa in lalata shi. Sai na yi abin da na ga ya fi tsafta. Na kwafe layin da bik, wato biro, a bayan kayena, littafin rubutuna, harafi bayan harafi, na duba sau biyu. Na goge shi daga fishiyen. Na cire biyar daga ashirin da huɗu a kaina, na rubuta biyar da sha tara a gurbinsa. Allon ya nuna lambar nan take. Direkta ya leƙo ya ce madalla.

An tambaye ni daga baya yadda mutum zai karanta lamba ɗaya kwana goma sha tara bai farga ba. Ina da amsoshi, kuma duka gaskiya ne. Kalandar da na saba da ita ba ta motsi sai bayan kwana goma. A wancan lokacin na shekara magariba da kanta takan yi kwanaki a kan minti ɗaya, don haka akwatin da ke kusa ma kamar a tsaye yake. Kwanan wata yana tafiya, ƙirgen azumi yana tafiya, akwatin tsawon yini ma yakan ƙara minti ɗaya in magariba ta ƙara, yana lissafinsa daidai a kan lambar da na ba shi. Allon a raye yake. Sannan an horar da mu a kan cewa abin da ke gabanka shi za ka karanta, ba a gardama da takarda in mikoro yana buɗe. Amma akwai abu guda da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Wajen kwana na goma sha biyu bakina ya faɗi lambar kafin idona ya kai kanta, na ji wani abu ya ɗan taɓa ni. Na kashe mikoro na fita shan iska, ban sake bi ta kansa ba.

Ranar sha tara ga azumi ina da hutun safe. Na ɗaure sukari da dabino a bayan moto, babur ɗina, na tafi gaida Inna. Na same ta a inuwar dogon yaro tana ɓarar gyaɗar iri da lalube, matar ƙanena tana gefe tana tsince ta. Bayan gaisuwa Inna ta ci gaba da hirarta da surukarta, kamar yadda take yi in tana so in ji magana.

"Ladanin Tsauni bana gaggawa gare shi," ta ce. "Yau da jiya iska ta juyo, na ji shi sarai, ludayi yana hannuna. Na ce yarinyar nan duba waya, ta ce saura minti bakwai."

Matar ƙanena ta yi dariya ta ce wataƙila matarsa ce ba ta iya dahuwa ba, shi ya sa yake neman kowa ya tashi daga kan akushi tare da shi.

"Shi da Ubangijinsa," in ji Inna. "Mu abin da akwati ya ce. Na shanye furata na haɗiye maganina."

Na taya su ɓarar gyaɗa kaɗan, na yi sallama. A hanya yashi ya riƙe mini moto sau biyu, na sauka na tura. Da na isa ban tsaya gaisawa da masu kawo sanarwa da ke zaune a ofis ba. Na shiga ɗakin, na ja ƙofofin biyu, na buɗe bayan kayena. Layin yana nan da rubutun hannuna, tsaf.

Wannan karon wayar Mushe ta shiga. Na karanta masa abin da na yi, bi da bi.

"Ka kwance amalanke ke nan," ya ce.

Ya sa na mayar da layin daga kaye, na hau sama na goge sifirin rata na sa biyar. Aikin bai kai minti biyu ba. Akwatin kame baki ya sauka daga biyar da sha tara zuwa biyar da minti shida. Sannan ya sa na riƙa mayar da kwanan wata baya, ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta alfijir na kowace rana. Kwana bakwai na farko minti biyar ɗin Malam sun rufa mana asiri, suna ƙarewa kaɗan-kaɗan. Rana ta takwas lambata da alfijir suka yi daidai. Daga ta tara zuwa ta sha tara, duk wanda ya ci ko ya sha har zuwa lambar da na faɗa, bayan alfijir ya ci. Kwana goma sha ɗaya.

Bayan la'asar mu uku muka kulle kanmu a ɗakin, ni da direkta da Malam, don nan ne kaɗai ba a jin magana daga waje. Kujera biyu ce, ni na jingina da bango. Direkta ya fara da cewa a riƙa rage minti uku kullum har a cimma lambar gaskiya, ba wanda zai lura. Malam ya tambaye shi azumin kwanakin da za a yi ana ragewa fa, a wuyan wa? Sai direkta ya ce to, a karanta sabuwar lambar kawai a wuce, wa ya riƙe ta jiya? Ba mugun mutum ba ne. Ya ce da wannan mikoro muke faɗa wa mutane ranar rigakafi da lokacin shuka, in suka ji mun ɓata musu azumi, gobe me za mu faɗa su yarda?

Malam ya ce hukuncin ba mai tsanani ba ne. Babu zunubi a kan wanda ya ci bisa kuskure, babu kaffara, sai dai wanda ya tabbata ya ci bayan alfijir zai rama ranar. Wanda bai sani ba kuwa, Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Direkta ya cafke wannan, ya ce ashe shirun ma jinƙai ne.

"Su ba su sani ba," in ji Malam. "Mu mun sani."

Ya ƙara da cewa shi ya nemi minti biyar ɗin, hannunsa yana ciki, in ana so zai zauna kusa da ni a faɗa tare. Direkta ya tashi ya ce mai karatu shi ke da mikoro, in yi abin da na ga zan iya ɗauka. Suka fita suka bar ni.

Saura sa'a ɗaya da rabi a sha ruwa. Abin da direkta ya faɗa bai dame ni ba kamar abin da bai faɗa ba, don bai san da Inna ba. In na yi shiru, ba a bin ta ko kwana ɗaya, za ta yi Sallarta da farin ciki, kuma Malam da kansa ya ce ba za a kama ta ba. In na yi magana, na san ta. Ba za ta tsaya tantance ranar da ta sha da wuri da ranar da ta jinkirta ba, za ta ɗauki goma sha ɗayan gaba ɗaya, kuma bazara ce ke tafe. Na yi tunanin in faɗa wa duniya in roƙi matar ƙanena ta kashe rediyo. Na yi tunanin in faɗa wa Inna ita kaɗai in bar sauran. Kowace hanya na bi sai ta dawo da ni kan kujerar nan, da allon a gabana yana nuna biyar da minti shida. Bangon kwali ba ya mayar da sauti, ko numfashina ban ji sosai ba.

Na ɗauki takarda. An koya mana a sa abu mafi muhimmanci a jimlar farko, a gajarta jimloli, kada a ɓoye mai aiki. Sau uku hannuna yana rubuta an samu kuskure, ina sokewa.

Da aka kira magariba na sha ruwa da dabino ɗaya a tsaye. Na kashe fanka na buɗe mikoro.

"Jama'a masu saurare, lokacin kame baki da nake karanta muku tun farkon azumi ba daidai ba ne. Ni na yi kuskuren, da hannuna. Daga rana ta tara zuwa yau, lambar da na faɗa ta wuce alfijir. Wanda ya bi kiran masallaci babu komai a kansa. Wanda ya bi lambata ya ci ko ya sha har ƙarshenta, Malam ya ce ya rama waɗannan kwanaki, babu kaffara. Gobe a kame baki ƙarfe biyar da minti shida."

Na maimaita kamar yadda na saba, sau biyu, a hankali. Malam ya shigo bayana ya yi bayanin hukuncin. Da na fito rigata ta jiƙe har ƙugu.

Abin da ya biyo baya bai kai abin da direkta ya ji tsoro ba, bai kuma yi sauƙi ba. Wasu sun kira sun zage ni. Wani dattijo daga wajen Icirnawa ya zo a ƙasa washegari, ya ce in rubuta masa kwanakin da mintunansu, don shi ya san ranakun da ya makara da ci. Ya karɓi takardar ya ninke, ya ce Allah Ya kiyaye gaba, ya juya. Mai naman bakin tashar mota kuwa har yau in na wuce sai ya ɗaga wuƙa ya tambaye ni, Malam mai rediyo, gobe ƙarfe nawa ka ba alfijir izinin fitowa?

Ranar Salla na je wurin Inna, ta amsa gaisuwata, ta sa aka kawo mini tuwo. Kwana biyu bayan haka ƙanena ya kira ni ya ce ta ɗauki ramuwa. Ya ce ya faɗa mata tana da lokaci har azumi mai zuwa, ta bari sanyi ya shigo. Ta tambaye shi wa ya ba shi takardar cewa za ta ga sanyi. Ya kawo mata zancen ciyarwa a madadin azumi ga tsoho, ta ce wanda ya kasa ake wa wannan, ita ba ta kasa ba tukuna.

Na je wurin Malam na tambaye shi ko zan iya ɗaukar mata wasu kwanakin. Ya ce ba a yi wa mai rai azumi. Ni kuwa masallaci yana bayan gidana, da kiransa na kame baki duk watan, ba a bina ko yini ɗaya. Kullum da azahar ina cikin ɗakin nan, ga butar ruwa a ƙarƙashin tebur, ina karanta labarai da fanka a kashe, ina lissafin saura sa'a nawa gare ta. Bayan azumi ba ma karanta lokacin kame baki a rediyo, don haka kowace yamma nakan kira matar ƙanena in faɗa mata. Kafin in kira sai na buɗe fishiyen na ga dogon layin yana nan a ɗaure.

Ranar ramuwarta ta tara na je da la'asar. Zafin ya kai inda kaji ke buɗe baki a gindin randa. Na same ta kwance a tabarma a cikin ɗaki, an ɗora mata jiƙaƙƙen zane a kai. Leɓunanta sun bushe, muryarta ta yi ƙasa, amma ta tashi zaune da ta ji sallamata. Na zauna a bakin ƙofa. Na shirya maganganu a hanya, ban faɗi ko ɗaya ba, don ba irin maganar da ke shiga tsakanina da ita ba ce. Ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta juya fuska wajen surukarta.

"Tambayi mai maganar nan, gobe ƙarfe nawa?"

Na ce biyar saura minti goma sha ɗaya. Matar ƙanena ta ɗauko waya ta fara dannawa.

"Ki rage biyar," in ji Inna.

"Inna, an riga an rage a ciki," na ce.

"Na ji. Wancan nasu ne. Ki rage nawa."

Matar ƙanena ta dube ni, na gyaɗa mata kai, ta saita biyar saura minti goma sha shida. Inna ta koma ta kwanta ta gyara zanen a goshinta. Saura mata kwana biyu. Na zauna har inuwar dogon yaro ta kai bakin ƙofa, sannan na tashi, don ni ke da labaran bayan magariba.